Ko Ka San Jirgin Ruwa Yana Hawa Tudu?

Yana hawa kuwa, kuma ba injinsa ne ke hawar da shi ba. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu tun zamanin kaka da kakanni, tsawonsu ya kai mil 2,000. A kansu wasu jirage ke yawo, dogaye sirara kamar karan rake: faɗinsu ƙafa 6 da inci 10, tsawonsu kan kai ƙafa 70. Da can kwal suke ɗauka, doki na jan su daga bakin gaɓa. Yanzu an zuba musu gado da murhu da banɗaki, mutane na hayar su don shan iska. Doka ta hana su wuce gudun mil 4 a awa, wato saurin wanda ya ji an tayar da iƙama yana bakin layi.

To, hanya ta zo gindin tudu, ruwa kuwa ba ya hawa sama. Yaya ke nan?

Sai aka gina wa jirgin zaure. Zaure na sosai, na bulo, mai ƙofa biyu, ɗaya ta ruwan ƙasa ɗaya ta ruwan sama, faɗinsa ƙafa 7 kacal. Shi ya sa jirgin ya zama siriri: an ɗinka shi daidai wuyan zauren ne. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. Wani ya sauka da ƙarfen murɗi a hannu, ya murɗa ya ɗaga 'yan tagogin da ke nutse a ruwan sama. Ruwa ya kwararo, zaure ya cika, jirgi ya taso a hankali kamar ƙoƙo a cikin randa. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, a buɗe ƙofa a wuce. Ba famfo, ba lantarki.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar. Ba ta da sakata. Ba kwaɗo, ba makulli, ba ko ɗan ƙarfen tokarewa! Ruwa ne ke rufe ta. Ƙofar ƙasa yawanci ƙyaure biyu ne da ke haɗuwa a tsakiya da ɗan tsini, tsinin na kallon inda ruwa ya fi yawa. Duk yadda ruwa ya matso, ƙara matse ƙyauren yake da juna. Wato abin da ke neman ɓalle ƙofar shi ne mai gadinta. Yawanci ƙyauren na katako ne, nauyinsa ya haura tan ɗaya, yakan yi shekara 25 a jiƙe kafin a sauya shi.

Ranar da na wuni a irin wannan jirgin, wannan ƙofa ta ba ni kunya. Ina ganin saura taƙi ɗaya zaure ya cika, na ce ai an gama. Na jingina da doguwar azarar da ake turawa, na kafa diddige a 'yan tudun bulon da aka jera a ƙasa don ƙafa, na tura har jijiyar wuya ta tashi. Ko gezau. Wata tsohuwa da ke jiran layi da nata jirgin tana kallona tana murmushi, ta yi mini alama da hannu in dakata. Bayan minti ɗaya ko biyu ruwa ya daidaita, ta sa bayanta ta tura azarar kamar mai ture labule. Ashe bambancin taƙi ɗaya, in ka shimfiɗa shi a faɗin ƙyaure duka, nauyin buhunan hatsi da yawa ne ke danne da shi.

Dabarar ba ta Ingilishi ba ce ma. Zaure mai ƙofa biyu, wani jami'in Sin mai suna Qiao Weiyue ya gina shi a shekarar 984. Ƙyaure mai tsinin nan kuwa ana danganta shi da Leonardo da Vinci, wanda ya zana irinsa don hanyoyin ruwan Milan a Italiya. Ingilishi sun dai rungumi abin ne bayan 1761, da hanyar ruwan Bridgewater ta karya farashin kwal a Manchester da kusan rabi.

Da suka runguma kuwa, sai suka wuce gona da iri. A Tardebigge, kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, zaure 30 aka jera a tafiyar mil biyu da 'yan kai, suna ɗaga jirgi ƙafa 220. A Caen Hill kusa da Devizes 29 ne, 16 daga ciki a jere reras kamar matakalar bene. Kowane zaure ka murɗa, ka jira, ka tura, ka rufe tagogi, ka rufe ƙofa don mai zuwa. Inda tudu ya gagari zaure sai a huda shi. Ramin Standedge ya haura mil uku, kuma ba a yi wa doki hanya a ciki ba. Da can maza ke kwanciya a kan jirgi suna taka bango da ƙafa har su fita, dokin kuma a zagaya da shi ta kan dutse.

Wani abu kuma: duk jirgin da ya wuce zaure, ruwa kimanin lita 100,000 ya gangara ke nan, ba ya dawowa. Saboda haka aka gina tafkuna a can ƙololuwa suna ciyar da hanyar, kuma matuƙa kan jira jirgin da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren don cika ɗaya ta yi wa biyu aiki.

Da magariba muka ɗaure jirgi a bakin gaɓa, kafaɗa na zogi, tafin hannu duk baƙin mai. Na duba taswira a waya don in ga nisan da muka ci tun safe. Da mota, tafiyar kwata ɗin awa ce.