Ba jariri kaɗai nonon uwa ke ciyarwa ba

A cikin nonon uwa akwai nau'o'in sukari sama da 100 da jariri ba ya iya narkarwa. Ba asara ba ce, abincin ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinsa ne.

Wadda ta fi cin moriyarsa ita ce Bifidobacterium infantis. Ta gaji iya cinye wannan sukari, sannan ta fitar da sinadarai masu tsami da ke hana ƙwayoyin gudawa sakewa. 'Yan uwanta da suka fi yawa a hanjin manya ba su kai ta wannan gwaninta ba. Dangi ɗaya, hali daban. Haka ma E. coli: yawancinsu ba su da illa, amma nau'in O157:H7 kan jawo gudawa da jini, har ya taɓa ƙoda.

Ke nan abin da jariri ke sha ne ke zaɓar waɗanda za su yi rinjaye a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi.

Uwa, kada ki ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta, domin maganin kan kashe masu amfani tare da masu cutarwa.