Tabon da jami'i bai iya karantawa ba

A watan Maris na 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar wani mutumin Siri Lanka da aka sakaya sunansa da KV. Ya nemi mafaka da tabon ƙuna a gadon baya da hannu, ya ce jami'an tsaron ƙasarsa ne suka ɗosa masa jan ƙarfe. Alƙalan farko sun karkata ga cewa shi ya sa aka ƙona shi don ya sami takarda. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce a sake zama, ta kuma tabbatar da cewa likita yana da hurumin faɗin ko tabo ya yi daidai da labarin mai shi.

Wannan ne tushen horon da masu tantance 'yan gudun hijira suke buƙata. Ƙa'idar Istanbul, wadda aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999 aka sabunta a 2022, ta ba likita matakai biyar na auna rauni, daga wanda bai dace da labarin ba sam har zuwa wanda babu abin da zai haifar da shi sai azabar da aka ambata. Ta kuma yi gargaɗi cewa rashin tabo ba ya kore azaba. Shaƙe mutum da ruwa ko hana shi barci ba su barin shaida a fata.

Sai batun tuni. Binciken Jane Herlihy da abokan aikinta a 2002 kan 'yan gudun hijirar Kosobo da Bosniya ya nuna bayanin mutum yana sauyawa tsakanin hira da hira, alhali ba shi da ribar yin ƙarya. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa kunya kan ɗaure mata baki a gaban tafinta namiji, sai daga baya ta iya faɗa. Jami'in da bai san haka ba sai ya rubuta cewa ƙari ta yi.

Ƙungiyar Freedom from Torture ta bi diddigin fayil 50 na masu neman mafaka a 2016, ta tarar a galibinsu jami'in Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ya ajiye ra'ayin likita ya ɗora nasa. Cikin waɗanda aka kammala shari'arsu, kashi 76 cikin ɗari sun sami mafaka bayan ɗaukaka ƙara. Kafin nan sun sha dogon jira, yawanci ba izinin aiki, suna kwana da fargabar a mayar da su ƙasar da sashe na 3 na Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ya haramta a mayar da su.