Yadda Zaman Falaki Ke Cin Garkuwar Zafin Kumbo

Kumbon da ke komowa duniya daga falaki yana shigowa cikin iska da gudun da ya kusa kilomita 8 a daƙiƙa guda. Iskar da ke gabansa takan matsu, ta yi zafin da ke haura digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyos. Garkuwar zafi ce kaɗai ke tsakanin wannan wuta da 'yan sama jannati. Akwai ta tayil ɗin silika, irin wadda jiragen Shuttle na Amurka suka yi amfani da ita, akwai kuma ta zaren kabon da aka jiƙa da ƙaron roba, wadda ke ƙonewa tana zubewa sannu a hankali, tana tafiya da zafin. Haka ya faru da dutsen da ya faɗo daga sama a Zagami, lardin Katsina, a watan Oktoban 1962, mai nauyin kilo 18: bayansa ya narke ya yi baƙin ɓawo, cikinsa kuwa bai ƙone ba.

Aikin garkuwar na 'yan mintoci ne, amma kafin ranar komowa takan yi watanni tana jira a sama, kuma a wannan jiran ɓarnar ke somawa.

Babban mai ɓarnar shi ne oksijin. A tsayin kilomita 200 zuwa 700, hasken rana yana raba ƙwayoyinsa da ke tafiya bibbiyu, ya bar su ɗai-ɗai. Ƙwayar da ta rasa abokiyarta tana kama duk abin da ta samu. Idan ta faɗa kan kabon ko roba sai ta haɗe da shi, su zama iska su tashi, fuskar abin ta yi kaushi da ƙananan ramuka. Silika ba ta cika jin jiki ba, domin dama da oksijin aka gina ta. Hukumar NASA ta ga wannan ɓarna ƙuru-ƙuru a jikin tauraron gwaji na LDEF, wanda ta ajiye a falaki a 1984 ta ɗauko a 1990: wasu siraran ledoji da ke gefen gabansa sun cinye ƙurmus.

Hasken rana kansa yana tsinka ƙwayoyin roba, kamar yadda bokitin da ya shekara a tsakar gida a Gummi ko Anka ke koɗewa ya riƙa ɓarewa, sai dai can babu iskar da za ta rage kaifinsa. Ga kuma sauyin zafi. Kumbo kan kewaya duniya cikin minti 90, wato ya shiga rana da inuwa sau 16 a yini, daga kusan digiri 120 sama da sifiri zuwa 150 ƙasa da sifiri. Garkuwa da gam da ƙarfen ciki ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, don haka tsagewar da ido ba ya gani ke yaɗuwa.

Tarkace ma ba abin rainawa ba ne. Ɓarɓashin fenti ya yi rami a gilashin jirgin Shuttle na Challenger a 1983. Kumbon Columbia, wanda ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairun 2003 da mutum bakwai, tun wajen tashi aka huda fiffikensa, amma ya nuna abin da rami ɗaya ke jawowa. Daga 2005 jiragen Shuttle suka riƙa kifewa a kusa da tashar sararin samaniya domin a ɗauki hoton tayil ɗinsu. Rasha kuwa takan ɓoye garkuwar kumbonta na Soyuz a bayan sashen injin, ba ta bayyana sai an rabu da shi dab da shigowa iska.