Ƙera Tirelar Jirgin Ruwa: Kasuwar Da Ke Jiran Masu Walda Na Agege

LEGAS — Unguwar Agege ba a bakin ruwa take ba. Hausawan da suka kafa zango a cikinta fiye da shekara 100 da suka wuce, cinikin goro da na shanu ne ya kawo su, hanyar jirgin ƙasa kuwa da ta haɗa Ikko da Kano a 1912 ta ƙara musu zama. Duk da haka, akwai wata sana'a da ruwa ya haifar wadda ya kamata masu walda na unguwar da masu jarinta su sa wa ido, wato ƙera tirelar da ake ɗora ƙaramin jirgin ruwa a kai, a ja shi da mota.

Dalilin a fili yake. Cunkoson motoci ya daɗe yana tura mutanen Legas zuwa ga ruwa, abin da ya sa gwamnatin jihar ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa, LASWA, a 2008. Jirage masu inji suna zirga-zirga tsakanin Ikorodu, Badore, Ebute Ero, Apapa da Badagry, kuma kowannensu yana da ranar da za a fito da shi tudu, ko don gyara, ko don fenti, ko don an sayar da shi. Haka nan mai sayen jirgi a Legas domin aiki a Yawuri ko tafkin Kainji, tilas ya bi titi da shi. Tirelar da ake shigowa da ita daga waje kuwa da dala ake lissafa kuɗinta, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 ta ƙara yin nisa da aljihun ƙaramin ɗan kasuwa.

Aikin bai fi ƙarfin maƙeran Agege ba. Hannun da ya saba ƙera ƙyauren gida, da gadon tankin ruwa, da amalanke, wadda ma sunanta daga Yarbanci aka aro shi, ya riga ya san yankan ƙarfe da haɗa shi. Kayan aiki ma ba su da nisa. Ana samun aksul da sifirin da ƙafafun tsofaffin motoci a kasuwar Ladipo da ke Mushin, ƙarafa kuma a Owode Onirin da ke kan hanyar Ikorodu, ko a hannun 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne.

Sai dai fa tirelar jirgi ba amalanke ba ce. Amalanke da ido ake ƙera ta, ita kuwa wannan sai da awo. Abu na farko shi ne sanin nauyin da za ta ɗauka. A ɗauka, alal misali, jirgin ya kai kilo 400, injinsa kilo 100, fetur lita 100 wanda ya yi kusan kilo 75, sauran tarkace kilo 50, ita kanta tirelar kilo 175. Jimla kilo 800 ke nan, kuma a kan wannan adadi ne za a zaɓi aksul da sifirin da taya, tare da barin rara. A Ingila, doka ta tilasta sa wa tirela birki nata na kanta idan ita da kayanta sun haura kilo 750. Wannan ma'auni ne da maƙerin kirki zai iya riƙewa don amfanin kansa.

Abu na biyu shi ne wurin da za a kafa aksul, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Nauyin jirgi mai inji a baya ya taru, saboda haka ƙafafun tirelarsa sukan koma baya fiye da na tirelar kaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin duka ya sauka a kan mahaɗar da ke bayan mota. A misalin da ya gabata, kilo 40 zuwa 80 ke nan. Idan ya gaza haka, tirelar za ta riƙa lilo da zarar mota ta ɗauki gudu, har ta iya kifar da ita. Idan ya yi yawa, gaban motar zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Dabarar ita ce a ɗaure mazaunin sifirin da noti maimakon walda, yadda za a iya matsar da shi gaba ko baya bayan an ɗora jirgin an auna.

Na uku shi ne shimfiɗar da jirgin zai kwanta a kai. Cikin jirgin roba ba ya jure a tokare shi a wuri ɗaya. Tsagewa yake yi. Don haka akan jera gangunan roba masu juyawa a tsakiya domin su ɗauki ƙashin bayan jirgin, a sa dogayen katakai biyu da aka naɗe da kafet a gefe da gefe, sannan a kafa na'urar jan igiya ta hannu a gaba. Tilas katakan su kai har ƙarshen jirgin, inda injin yake rataye.

Babban abokin gaba kuwa shi ne tsatsa. Ruwan Legas yana da gishiri, musamman da rani, kuma ana tura bayan tirela cikinsa duk lokacin da za a sauke jirgi ko a ɗauko shi. Ƙarfe mai farin rufi irin na bututun famfo ya fi ƙarko, ko da yake ya fi tsada, kuma hayaƙinsa lokacin walda yana da illa, sai a fili mai iska. In baƙin ƙarfe za a yi amfani da shi, buɗaɗɗe mai siffar kwata ya fi rufaffen bututu, domin ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, kuma ana iya shafe shi da jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje. Har ila yau, boris da ya ɗauki zafi a hanya, idan aka tsoma shi cikin ruwa nan take, zuƙar ruwan yake yi, giris ya lalace. Ya kamata a bar ƙafafun su huce tukuna, a kuma wanke tirelar da ruwan daɗi bayan kowane aiki.

Sai batun titi. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da na ofishin duba lafiyar motoci suna da ikon tsayar da duk abin da ake ja a kan hanya. Fitilun baya, da na birki, da sigina, da sarƙoƙi biyu da za su riƙe tirela idan mahaɗa ta kwance, ba kayan ado ba ne. Mai sayen tayar tokumbo kuma ya duba lambobi huɗu da ke jikinta, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ya dace a nemi bayanin rajista daga hukuma kafin a fara aiki, ba bayan an kama kaya ba.

Ga mai jari, lissafin gajere ne. Kuɗin tirela kaɗan ne idan aka kwatanta da na jirgi da injin da za ta ɗauka, balle rayukan da ke bin hanya ɗaya da ita. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Maƙerin da ya tanadi sikeli da ma'auni, ya rubuta nauyin da tirelarsa za ta iya ɗauka a jikinta, ya kuma yarda a gwada ta da jirgi kafin a biya shi, shi ne masu jirage za su riƙa tasowa daga bakin ruwa su nemo har cikin Agege.