Amfani da Hoton Sama Wajen Tantance Itatuwa: Daga Birnin Kano Zuwa Dajin Falgore

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya hau Dutsen Dala a ƙarshen damina ya dubi cikin birnin Kano zai hangi kawunan itatuwa jefi-jefi a tsakanin rufin gidaje. Daga can sama kore kawai ake gani. Da wuya ido ya bambanta tsamiya da darbejiya, balle ya gane wadda ƙishirwa ta fara kamawa, sai mutum ya sauko ya je gindin bishiya. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu kula da gandayen daji, domin ba zai yiwu a bi dajin da faɗinsa ya kai ɗaruruwan murabba'in kilomita da ƙafa ana tantance itatuwa ɗaya bayan ɗaya ba. A wannan babi za a bayyana wata hanya da masana kimiyya suka samar don magance matsalar, wato ɗaukar hoto mai ɗaruruwan zirin haske daga jirgin sama. Za a duba yadda take aiki, da inda aka gwada ta, da kuma abin da za ta iya amfanar da Dajin Falgore na Jihar Kano.

2.0 Abin da Ya Sa Ƙirge Kaɗai Bai Wadatar Ba

Idan aka lura da sunayen wurare a cikin ganuwar Kano, za a ga itatuwa sun bar tarihinsu a bakin jama'a. Akwai Durumin Iya da Rimin Kira da Ceɗiyar 'Yangurasa da Kukar Bulukiya, ga kuma Kasuwar Kurmi wadda sunanta ke nuna duhuwar itatuwan da ke wurin a da. A yawancin irin waɗannan wurare suna ne ya rage, gine-gine sun cinye gurbin itatuwan.

A karkarar da ke kewaye da birnin kuwa, lamarin ya sha bamban. An daɗe ana zaton buƙatar itacen girki za ta ƙarar da itatuwan gonakin Kano. Sai dai wani bincike da masana na Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka wallafa a 1990, wanda a cikinsa aka kwatanta hotunan jirgin sama na 1972 da na 1981, ya nuna manoma suna riƙe da itatuwansu duk da farin da aka yi a waɗancan shekaru. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018 da 2019 ya ƙara tabbatar da cewa yawan itatuwan ya ƙaru ƙwarai, amma ire-irensu sun ragu, kuma darbejiya ce ke ta yaɗuwa alhali itatuwan gida da dama suna ja da baya. Ke nan yawa daban, iri daban. Gonar da ta rasa ɗorawa ta sami darbejiya biyar ta ƙaru a ƙirge, amma ta rasa kalwa da daddawa. Saboda haka ake buƙatar hoton da zai faɗi irin bishiyar da ke wuri bayan ya nuna akwai ta.

3.0 Dangantakar Haske da Ganye

Hasken rana ba launi ɗaya ba ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Masana suna auna kowane ɓangare na haske da tsawon igiyarsa, da wani ma'auni da ake kira nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Daga 700 zuwa sama akwai haske mai yawa da ido ba ya gani, wanda ake kira hasken bayan ja.

Idan haske ya sauka a kan ganye, ganyen yakan shanye wani sashe ya mayar da wani. Sinadarin kulorofil, wanda tsiro ke haɗa abincinsa da shi, yana shanye shuɗin haske da jan haske, musamman a wajejen nanomita 680, ya mayar da ɗan kore. Dalilin da ya sa ake ganin ganye kore ke nan. Da zarar an wuce 700, lafiyayyen ganye yakan mayar da haske da ƙarfi sosai saboda yanayin ginin cikinsa. Ruwan da ke cikin ganye yana shanye haske a wajejen nanomita 970 da 1200 da 1450 da 1940, sinadaran da ke ba itace tauri kuma suna barin tasu alama a wajejen 2100 da 2300. Da yake kaurin ganye da yawan ruwansa da tsarin rassa sun bambanta daga iri zuwa iri, yadda kowane iri ke mayar da haske ya zama tamkar tambarinsa. Wannan shi za a riƙa kira tambarin haske.

4.0 Ma'anar Hoto Mai Ɗaruruwan Zirin Haske

Kyamarar da aka saba da ita tana kasa haske gida uku: ja da kore da shuɗi. Kowane kaso shi ake nufi da ziri. Taurarin ɗan Adam irin su Landsat, da aka fara harbawa a 1972, da Sentinel-2 na Turai mai ziri 13, sun ƙara yawan zirin, amma kowane ziri yana da faɗi, don haka ƙananan bambance-bambance sukan ɓace a cikinsa. Na'ura mai ɗaruruwan ziri kuwa tana yanka hasken siriri-siriri, ziri na bin ziri ba tare da giɓi ba. Shahararriya a cikinsu ita ce AVIRIS, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fara aiki da ita a 1987. Tana da ziri 224, daga nanomita 400 zuwa 2500, faɗin kowanne kimanin nanomita 10. Idan aka ɗora ta a jirgin ER-2 mai tashi kilomita 20 daga ƙasa, takan ɗauki faɗin kilomita 11 a bi ɗaya, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar fili mai mita 20 a kowane gefe.

Ɗalibin Hausa zai fi saurin fahimtar wannan idan ya tuna da kalmar "gari". A rubutun yau da kullum, garin da ake zama da garin da ake tuwo kamarsu ɗaya. Sai an nuna tsawon wasali sannan bambancin ya fito fili. Hoton kyamara tamkar rubutun yau da kullum ne, hoto mai ɗaruruwan ziri kuwa tamkar rubutun da aka sa wa alamomin sauti.

5.0 Matakan Samar da Taswira

Aikin yakan bi matakai biyar:

(a) Zaɓen lokaci da ɗaukar hoto. Ana tashi ne da rana tsaka, sama garau, jirgi ya riƙa bin daji layi-layi.

(b) Gyaran hoto. Ana cire tasirin ƙura da tururin ruwa da ke tsakanin jirgi da ƙasa, a kuma daidaita karkacewar da motsin jirgi ya haifar.

(c) Aikin ƙasa. Ma'aikata sukan shiga wasu zaɓaɓɓun wurare, su tantance itatuwan da ke nan da sunayensu, su rubuta matsayin kowane wuri da na'urar GPS. Da wannan ake gina ma'ajiyar tamburan haske.

(d) Kwatantawa. Kwamfuta takan ɗauki kowane ɗigo ta gwada shi da tamburan da ke ma'ajiya, ta ba shi sunan wanda ya fi dacewa da shi.

(e) Tabbatarwa. Ana komawa wasu wurare dabam a duba ko abin da taswira ta faɗa shi ne a ƙasa.

Mataki na uku shi ne ginshiƙin aikin. Na'ura ba ta san sunan ko bishiya ɗaya ba, abin da aka koya mata shi take maimaitawa. Idan an yi kuskure a gindin bishiya, kuskuren zai bazu a taswirar baki ɗaya.

6.0 Wuraren da Aka Gwada Hanyar

Gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, yana cikin fitattun misalai. A watan Agusta na 1996 aka ɗauki hotonsa da AVIRIS, kuma a 2003 Raymond Kokaly da abokan aikinsa na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka suka wallafa sakamakon. Sun dogara da alamar kulorofil da alamomin ruwan ganye suka bambanta ire-iren itatuwa masu ganye kamar allura, waɗanda a hoton kyamara kusan kamarsu ɗaya. Wannan ya amfani masu gandun, domin 'ya'yan wani iri daga cikin itatuwan muhimmin abinci ne ga wasu manyan namun dajin.

A Afirka, tawagar Greg Asner ta cibiyar Carnegie ta fara shawagi a kan gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu a 2008. Ta haɗa irin wannan na'ura da wata mai auna tsawon itatuwa da hasken leza, aka yi nazarin ire-iren manyan itatuwa da yadda giwaye da gobara ke sauya yanayin dajin. Misalin Kruger ya fi kusa da Arewacin Nijeriya, domin shi ma daji ne mai itatuwa warwatse da ciyawa a tsakani.

7.0 Dajin Falgore

Dajin Falgore yana kudancin Jihar Kano, a yankin ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. An keɓe shi tun zamanin mulkin mallaka, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sanya shi cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10. Daga cikin itatuwansa akwai doka da maɗaci da marke da kirya da kaɗanya da ɗinya.

Dajin ya shafi mazaunin birni kai tsaye. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma daga wannan kogi ake noman rani a Kadawa, ake kuma tace ruwan sha a Tamburawa. Idan itatuwan bakin kogi suka ƙare, zaizayar ƙasa takan ƙaru, laka ta riƙa cike madatsa. Bugu da ƙari, masu saran itace da masu gawayi ba kowace bishiya suke nema ba, sukan zaɓi masu tauri irin su kirya da marke. Don haka daji zai iya kasancewa kore shar a hoton kyamara alhali an tsince masa itatuwa masu daraja. Taswirar da ke nuna iri-iri za ta fallasa wannan ɓarna, ta nuna wa ma'aikata inda ya kamata su tsananta tsaro da inda za a sake dashe. Tana kuma rage yawan shiga lungunan da ke da haɗari, ganin yadda ɓarayin shanu suka taɓa mamaye dajin har rundunar soja ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017.

8.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce tsada, ta hayar jirgi da ta na'ura da ta horar da ma'aikata. Sai yanayi: da damina gajimare ne, da hunturu hazo ne, ga gobarar daji, don haka lokacin kaka ya fi dacewa. Su kansu itatuwan tambarinsu yana sauyawa da lokaci. Kuka takan zubar da ganye da rani, gawo kuwa da damina yake zubarwa, saboda haka hoton wata ɗaya ba zai kama kowa a cikin ganye ba. Haka nan ɗigo ɗaya yakan haɗa bishiya da ciyawa da jar ƙasa. Taurarin ɗan Adam masu ɗaruruwan ziri, irin su PRISMA na Italiya da aka harba a 2019 da EnMAP na Jamus na 2022, sun rage tsadar, amma ɗigonsu mita 30 ne, ya fi kan mafi yawan itatuwa faɗi. Ƙananan jirage marasa matuƙi suna nuna bishiya ɗaya-ɗaya, sai dai filin da suke ɗauka kaɗan ne.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hoto mai ɗaruruwan zirin haske yana bambanta itatuwan da ido ke gani iri ɗaya, amma ingancin taswirarsa ya rataya ne ga waɗanda suka san itatuwan a ƙasa. A ƙasar Hausa waɗannan su ne manoma da makiyaya da maharba da masassaƙa da masu maganin gargajiya, kuma da Hausa suke ba da wannan ilimi. Bishiyar da Bakano ke kira darbejiya, wasu dogon yaro suke ce mata, wasu maina, wasu bedi. Idan mai tattara bayani bai san haka ba, zai rubuta iri huɗu a maimakon ɗaya. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har yanzu aikin tattarawa da daidaita waɗannan sunaye yana buƙatar hannu. Malamin Hausa da ya koya wa ɗalibansa sunayen itatuwan garinsu da amfaninsu yana tanadar da mutanen da irin wannan aiki ba zai yiwu ba sai da su.

Jinga

1. Bayyana ma'anar tambarin haske, tare da kawo abubuwa biyu da ke sa ya bambanta daga iri zuwa iri.
2. Me ya sa aka ce aikin ƙasa shi ne ginshiƙin samar da taswira?
3. Tattaro sunayen unguwanni ko ƙauyuka goma da suka samo asali daga itatuwa, sannan ka binciki ko itatuwan suna nan.