Bakin Karaya: Shaidar da Ƙarfe Ke Bari

A Parakou layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tuƙe tun 1936, bayan kilomita 438. Daga nan manyan motoci suka saba kwasar kaya zuwa Malanville da Nijar, wasu su bi ta Djougou su nufi Burkina Faso. Mai bin hanyoyin nan ya saba ganin tirela a gefen titi, sifirin ya karye ko sandar ƙafa ta tsinke. Galibi sai a kira mai walda, ko a sayar wa 'yan gwangwan guntayen. Asara ce babba, domin a bakin karayar ne dalilin karyewar yake.

Ƙarfen da nauyi ya fi ƙarfinsa lokaci guda yakan miƙe ya lanƙwashe, ko ya fashe da ƙyalƙyali kamar ƙwayar sukari. Wanda kuwa gajiya ta cinye, wato nauyin da ke ta maimaituwa a kansa, yakan bar wani sashe sumul, da layuka kewaye da juna kamar sawun ruwa a bakin tafki. Idan aka bi layukan zuwa cibiyarsu sai a iske mafarin tsagar: ramin tsatsa, kaifin lungu ko tsohuwar walda. Haɗarin jirgin ƙasa na 1842 kusa da Versailles a Faransa, inda sandar ƙafa ta karye, shi ya zaburar da binciken gajiyar ƙarfe, daga baya August Wöhler ya zurfafa shi a Jamus. A 1965 madubin ilektiron mai leƙa fuskar abu ya shiga kasuwa, yana nuna siraran layukan da kowane dannawar nauyi ke bari, har a ƙiyasta saurin tafiyar tsaga.

Wani zai ce ina garejin Djougou ina irin wannan na'ura. Gaskiya ne, amma layukan gajiya da ido ake ganinsu, hoton waya kuma ya isa a tura wa injiniya. Abin da ake buƙata shi ne kada a goge bakin, kada a gwama guntayen biyu, kuma a kare su daga ruwa. Wani kuma zai ce lodi ne ya yi yawa, magana ta ƙare. To, in sashen sumul ya cinye rabin sandar, tsagar ta daɗe tana tafiya, kuma ba mamaki 'yar'uwarta a ɗaya ƙafar ta kama hanya. Bakaniken da ya iya karanta wannan, kafin motar ta sake tashi zai duba ɗaya ƙafar.