Zaɓen Giyar Keke a Ƙasar Tudu da Gangara

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda hanyoyin burji ke ratsa duwatsu da kwazazzabai, mai sayen sabon keke ya fi bukatar duba giya a kan fenti. Giya ita ce dangantakar haƙoran faifan gaba, wanda feda ke juyawa, da na ƙaramin faifan baya, waɗanda sarƙa ke haɗawa. Idan na gaba yana da haƙora 44, na baya kuma 18, kowane juyin feda yakan juya tayar baya kusan sau biyu da rabi, abin da ke ba da gudu a fili amma yake galabaitar da manomin da ya ɗauro buhun masara zuwa kasuwar Sheme. Sauya faifan baya da mai haƙora 22 yana mayar da juyin sau biyu cif, sai hawa ya yi sauƙi, ko da yake sarƙar takan bukaci ƙari. Keke mai giya da yawa ya fi sassauci, sai dai ƙurar rani tana saurin cinye shi, kuma kayan gyaransa sun fi na keken Phoenix mai giya ɗaya wuyar samu a ƙauye.